Muryar Inna da Injin Juma'a

Ku matso ku ji abin da ya sami Saratu matar Na'Allah mai kwamfuta, nan cikin Kaura Namoda, unguwar bayan tashar jirgi. Wallahi har yau in ta tuna Juma'ar nan sai ta dafe ƙirji tukuna, sannan dariya ta zo.

Shekara huɗu ke nan da ƙaddamar da Shari'a. Na'Allah yana da ɗan shago jikin gidansu, ƙofa guda tana kallon titi, guda tana buɗewa tsakar gida. 'Yan makaranta ke kawo masa takardunsu yana buga musu. Kwamfutar tsohuwa ce, ta hannu ya sayo, in tana aiki sai ka ji tana gurnani kamar kyanwa ta ƙoshi. Ita kuwa Saratu aji biyar ta tsaya a firamare can Zurmi. Hausa tana karantawa ras, Turanci kuwa sai dai ta gaishe shi daga nesa. Abu guda tak ta iya yi da na'urar nan, shi ne ta kama maus ta danna wani ɗan hoto da ke kusurwa, muryar uwarta ta fito.

To ga yadda anka yi muryar ta shiga ciki. Da Saratu ta haihu, mahaifiyarta Inna Yalwa ta taso daga Zurmi ta zo yi mata wankan jego. Jaririyar sunan Innar anka sa mata, shi ya sa ake ce mata Ummi. Wata rana da hantsi Na'Allah yana gwada wata 'yar makirfo da ya samo, Inna kuwa tana bakin ƙofa tana yi wa takwararta rawa bisa cinya, ba ta san ana ɗauka ba. Minti huɗu ne da 'yan kai. Akwai waƙa ciki, akwai tari, akwai dariya, har da faɗa. Inna ta gama kwana arba'in ta koma gida, damina na faɗuwa zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana uku Allah ya karɓi abarsa. Ko hoto guda ba ta bari ba, don in anka nufo ta da kyamara sai ta rufe fuska da gyale ta ce ita ba 'yar takara ba ce. Duk duniyar nan abin da ya rage nata ke nan, minti huɗun nan, cikin tumbin tsohuwar kwamfuta.

Yayan Saratu, Sha'aibu, yana Zurmi yana aiko saƙo a kawo masa muryar. Ƙanwarta Hamida da ke aure Shinkafi ita ma kullum saƙonta ke nan. Saratu ta sha ce wa mijin, “Baban Ummi, mu kanga rikoda bakin sifika mana, mu ɗauka a kaset, a huta.”

Sai ya yi dariya ya ce, “Wanga aikin ƙauye ne. Faifai za ni yi musu, tas, ba shuu ba shaa.”

Amma furogiram ɗin da ke zuba murya a faifai ya ƙi shiga kwamfutar. Wani abokinsa malamin makaranta ya duba ya ce sai an sabunta abin da ke kula da shigar kaya tukuna, ya ba shi faifai biyu na sabon fitowa. Na'Allah ya zaunar da Saratu ya yi mata bayani da abin da ta sani.

“Kin ga cikin na'urar nan akwai ma'aji. Shi ke karɓar duk kayan da anka kawo, ya san inda kowane ke zama, ya san wanda ba ya aiki sai da wani. To ma'ajinmu ya tsuhwa, bai gane irin ɗaurin sabbin kaya ba. Za a sauke shi a naɗa sabo.”

“To wa ke naɗin?”

“Shi tsohon da kansa. Shina miƙa makullai ɗaya bayan ɗaya. In wuta ta ɗauke tsakiyar miƙo, tsoho ya saki, sabo bai kama ba, gida ba mai makulli. Malam ya ce in haka ta faru, wani sa'in na'ura ba ta sake tashi sai an goge ta tas an sake zubi.”

“A goge har da Inna?”

“Haba, wa ya ce za a kai nan? Sa'a guda ce an gama. Inji cike yake da mai.”

Wutar gari kwana shida rabonsu da ita, don haka da injin janareto ya fara aikin, ranar Juma'a da ƙarfe goma. Injin yana can gefen titi ɗaure da sarƙa saboda hayaƙi, doguwar waya baƙa ta taso daga jikinsa ta shigo shago. Ashe sabon ma'aji ba ya zama shi kaɗai. Ya ce sai an sake masa 'yan aiki, su fi ɗari uku. Rubutu ya yi ta gudu bisa gilashi kamar tururuwa. Sha ɗaya ta yi. Sha ɗaya da rabi ta yi. Sai ga mota tana oda ƙofar gida, don ranar ce ake ɗaurin auren abokinsa a Shinkafi bayan an sauko Juma'a, kuma Na'Allah ne wakilin ango. Ba shi, ba aure.

Ya zura babbar riga yana magana da sauri. “Abu uku. Kada ki taɓa komi. In ta turo harshen nan mai ɗauke da faifai, ki cire faifan nan ki sa na biyu, ki danna babban maɓallin nan da na liƙa ma salatif. In kin ga rubutu ya tsaya, sunana ya fito ƙasa da ɗan layi shina ƙifta ido, ta gama. Uwa uba, kada inji ya mutu. Kin ji? Kada ya mutu.”

“Allah ya kiyaye hanya,” ta ce.

Ta goya Ummi, ta ɗora shinkafa da wake bisa murhu tsakar gida, ta dawo ta zauna kan kujerar mijin tana kallon rubutun da ba ta san abin da yake faɗi ba. In ya ɗan tsaya sai numfashinta ya tsaya. In ya motsa ta ce alhamdu lillahi. Ƙarƙashin tebur akwai wani baƙin akwati mai nauyi da Na'Allah ke ce wa yufiyes. Shi ke riƙe wuta na ɗan lokaci in inji ya mutu, yana kuka ƙii, ƙii. Saratu ta san iyakarsa, don wata rana mai ya ƙare tana kan darduma. Ta yi raka'a huɗu, ta ƙara huɗu, tana sallamewa akwatin ya yi shiru, gilashi ya yi baƙi. Raka'a takwas ke nan ransa, in ba a ja doguwar sura ba.

Wajen sha biyu da rabi sai ta ji ƙarar baro, ƙiƙi-ƙiƙi, ya tsaya ƙofar shago.

“Salamu alaikum! Masu gida! Ina amaryata Ummi, ta dama mini hura ko kuwa in sake ta?”

Muryar Malam Tsoho ce, ladanin masallacin unguwa. Saratu ta ji kamar an kwara mata ruwan randa a baya. Juma'a! Innalillahi. Juma'a ce yau!

Ku ji inda gizo ke saƙar. Lokacin haihuwar Ummi kwana biyu Saratu ta yi tana naƙuda a asibiti, har an fara kallon-kallo. Na'Allah ya fita waje ya ɗaga hannu ya yi alwashi, in Allah ya sauke ta lafiya, ita da abin da ke cikinta, to injinsa na masallaci ne duk ranar Juma'a muddin yana tashi. Allah ya amsa. Masallacin kuwa sabon naɗa shi anka yi na Juma'a, jama'a na cika har titi, in ba lasifika sahun baya ba su jin kabbara. Wata bakwai ke nan ba fashi, Malam Tsoho na zuwa da Gwadabe mai faci su ɗora inji a baro, har ɗan makullin sarƙa gare su. Shi Na'Allah kullum kafin su zo ya rufe shago ya shiga wanka, abin ya zame masa kamar fitowar rana, ba ya ko tunawa da shi. Shi ya sa yau ya manta sarai.

Ta zura hijabi ta tsaya bayan labule. “Baba, ina wuni.”

“Lahiya lau ɗiyata. Ina mai gidan? Na ji inji na ta ɓarin baki shi kaɗai.”

“Ya tahi Shinkahi ɗaurin aure. Baba, don Allah, don Annabi, kada a kashe injin nan.”

Gwadabe da har ya duƙa kan sarƙa ya ɗago. “To wa za ya ɗauki inji shina aiki? So kike ya toye ni?”

Ta fara bayani, magana na sarƙe mata. Ma'aji, makullai, faifai. Ta ji da kanta abin bai da kai bai da gindi. Gwadabe ya ce, “Matar Malam, a kashe mana, in an sauko a kunna. Rediyo ma haka ake yi mata, kuma ba ta taɓa yin hushi ba.”

“Ba rediyo ba ce! Innata na ciki!”

Ta ji Malam Tsoho ya yi gyaran murya.

“A'uzu billahi. Wace Innar?”

“Muryarta, Baba. Wadda ta zo wankan jego, kun gaisa, ta aiko maka da daddawa. Ta rasu da damina. Muryarta na cikin na'urar nan, babu ita ko'ina sai nan. In wuta ta yanke yanzu, ana iya rasa ta.”

“Allah ya jiƙan Yalwa,” in ji tsohon a hankali. “Daddawarta har yau ban sami irinta ba.” Sannan ya ce, “To ɗiyata, ni ba ni ƙwace kayan mutum. In kin ce a bari, mun bari. Sai dai mutum ya fi ɗari biyar za su tsaya rana ba su jin liman, wani ya yi ruku'u wani na sujada. Kuma alwashi ne mijinki ya yi, ba da ni ya yi ba. Kin san da wanda ya yi.”

Ta sani. Ummi ta motsa a bayanta, ɗan numfashinta mai ɗumi na sauka bisa wuyanta. Kan yarinyar nan anka yi alwashin. In ta ce a'a, yau a karya shi da bakinta, gobe Ummi ta tashi da zazzaɓi, wa za ta kalla? In ta ce to, ita da hannunta ta sake binne uwarta. Ba wayar da za ta kira mijin, lokacin wayar hannu sai gidan manya. Ko hanya ce kusa, mace ba ta hawa kabu-kabu yanzu, balle Shinkafi ba nan ba ce.

Ta waiwaya tsakar gida don kada kuka ya ƙwace mata gaban maza, sai idonta ya faɗa kan tsamiyar da ke leƙowa ta bayan katangarsu. Kullum in tana shanya tana hango ta, kuma daga tsamiyar nan zuwa bangon masallaci ko jifa ba ta kai ba. Ta titi ne hanyar ke da nisa, sai an zagaye gidaje shida. Ta bayan gida kuwa maƙwabta ne.

“Baba! Wayar masallaci tana da tsawo?”

“Tana da shi. Naɗe ta muke yi don ta yi yawa.”

“In anka warware ta, tana kai tsamiyar bayan gidanmu?”

Gwadabe ya ce, “Tana kai. Ko ta kusa.”

“To a aje inji gindin tsamiya. Ku ja taku daga can, ni in jeho tawa ta bisa katanga. Ya ci da mu duka biyu.”

Malam Tsoho ya yi 'yar dariya. “Ka ji 'yar Zurmi. Mu dai murya muke so ta kai sahun baya, ba mu ce sai inji ya yi alwala ya shigo ba. Amma kin ce kada a kashe, kuma sai an kashe za a ɗauka.”

“Akwai akwatin da ke riƙe wuta. Raka'a takwas yake yi.”

“Raka'a takwas irin na wa? Nawa ko na liman?”

“Irin nawa, Baba. Masu sauri.”

“To Gwadabe, ka ji. Yau za mu ga ko faci kaɗai ka iya ko har da gudu.”

Gwadabe ya kwance sarƙa, ya gyara baro, ya kama wayar. “In zare?”

Saratu ta dubi gilashi. Rubutu na gudu abinsa, bai san abin da ake ciki ba. Ta ce bismillahi, ta runtse ido. “Zare.”

Inji ya yi tari ya mutu. Unguwa ta yi tsit. Sai akwatin ya fara, ƙii. Ƙii. Gilashin bai mutu ba.

Ta ji baro ya kwasa a guje, tsoho na bin baya yana cewa a yi a hankali da kwana. Ta duƙa ta riƙa jawo baƙar wayar daga titi, hannu bisa hannu kamar mai jan guga, ƙura da maiƙo duk sun ɓata mata hijabi. Namiji ba ya shiga gidan matar aure mai gida ba ya nan, wannan aikin nata ne ita kaɗai. A zuciyarta tana karanta Fatiha don ta riƙe lissafin lokaci. Raka'a ɗaya ta tafi.

Ta fito da kan wayar ta ƙofar tsakar gida. Ta zagaye murhu don wuta, ta zagaye rijiya don ruwa, ta isa katanga. Katangar ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba. Ta jefa, waya ta bugi bango ta dawo mata a fuska. Ummi ta tsorata ta tsala kuka. Raka'a uku. Ta mirgino turmi, ta kifa shi, ta hau da goyo a baya, turmi na lilo ƙarƙashinta. Ta sake jefawa, ta wuce.

Ba kowa gindin tsamiya.

Daga shago tana jiyo akwatin, ƙii, ƙii, kamar ɗan tsako ya ɓace wa uwarsa. Ina sunka tsaya? Ko tayar baro ta fita? Ko wani ya tare Malam da gaisuwa, ka san gaisuwar tsofaffi, sai an tambayi har awaki? Raka'a huɗu. Zufa na shiga mata ido. Can sai ga Gwadabe ya ɓullo kwanar lungu yana haki, hularsa a baki.

“Ga mu! Ga mu!”

Ya sauke inji. Malam Tsoho ya fito ta wajen masallaci yana jan tasu wayar, ta kawo gindin tsamiya daidai, ko ɗan yatsa ba ta rage ba. Gwadabe ya kama ta Saratu ya ja, ya sake ja.

“Matar Malam, ba ta kai ba! Saura kamu biyu!”

“Matso da injin!”

“In na matso, ta masallaci ta saki!”

Raka'a biyar. Kukan akwatin ya sake, ya koma ƙi-ƙi-ƙi-ƙi, ba hutu. Saratu ta san wannan kukan, shi ne na kusa da ƙarshe. Ta waiga daga bisa turmi ta bi wayar da ido, ta ga inda tsawon ya tafi, zagayen murhu da zagayen rijiya. Ta diro. Ba ta nemi tsumma ba, da gefen hijabi ta sunkuci tukunya, zafi ya ratsa ta, ta sake ta, shinkafa da wake sunka watse ƙasa. Ta ɗauki bokitin wanke-wanke ta sheƙa wa wutar, toka ta tashi ta turnuƙe ta. Ta finciko kujera 'yar tsugune ta ɗora bisa duwatsun murhu, ta ɗora wayar a kai, ta miƙe ta sak ta bisa murfin rijiya.

“Ja!”

“Ta kai! Wallahi ta kai!”

Raka'a shida. Ta ruga shago ta durƙusa gaban tebur. Daga nan ba ta ganin komi, sai kunne. Ta ji an ja igiya. Burrr. Shiru. An sake ja. Burrr, tuf. Shiru. Injin nan in ya yi zafi gardama gare shi, Na'Allah kansa sai ya lallashe shi.

“Ya Hayyu ya Ƙayyumu,” take ta faɗi. “Ya Allah ba don halina ba.”

Raka'a bakwai. Jan igiya na uku. Na huɗu. Ta jiyo muryar tsoho sama-sama, “Kai Gwadabe, ka rufe masa iska mana! Ba ni nan, rago!” Ɗan fitilar akwatin ta koma ja. Saratu ta ɗora tafin hannu bisa kwamfutar, tana jin ɗuminta, kamar yadda ta so ta dafa goshin Inna ranar da ba ta samu isa Zurmi da wuri ba.

Burrr, bur, bur, burrrrrr.

Akwatin ya yi ƙas, ya yi shiru. Fitila ta koma kore.

Ta zube zaune ƙasa, ta kwanto Ummi ta rungume. Sai da ta share ido sannan ta duba gilashi. Rubutu ya tsaya cik. Ba ya gudu, kuma sunan mijinta bai fito ba. Shi ke nan, ta ce, an makara, ma'aji ya saki makullai. Ta buɗe baki za ta kurma ihu, gwiwarta ta bugi wani abu. Ashe na'urar ce ta turo harshe tun ɗazu tana jiran faifai na biyu. Ta goge hannu a zane har sau uku, ta cire na farko, ta ɗora na biyu, ta danna maɓalli mai salatif. Harshe ya koma. Gurnani ya tashi. Tururuwa sunka ci gaba da tafiya.

Kada ku ce an huta. Malam Tsoho na hura makirfo, huu, huu, sai inji ya yi nishi, akwatin ya yi ƙii sau ɗaya. Ɗan inji ne, yau an ɗora masa kaya biyu. Da ya ta da kiran salla, duk inda ya ja murya sai ƙarar inji ta faɗa, gilashi ya yi rawa, ran Saratu ya bi shi. Ba ta taɓa sanin tsohon nan na da dogon numfashi haka ba sai ranar. Ta tashi ta kashe ƙwan shago, ta zare fanka, ta zauna cikin zafi. Liman ya hau mumbari, kuma ranar ce Allah ya buɗe masa baki, huɗuba kan riƙon amana, ya yi da Larabci ya dawo ya yi da Hausa. Tana ba Ummi nono tana cewa a ranta, Allah gafarta Malam, mun ji, mun riƙe, a taƙaita.

Anka ta da salla. Tana jin kabbara na fita tar har titi, sahun baya na amsa amin kamar ruwan sama bisa kwano. Alwashi dai bai karye ba. Liman na sallamewa ta dubi gilashi. Rubutu ya tsaya. Can ƙasa ga harufan da ta fi sani duk duniya, sunan Na'Allah, ga ɗan layi kusa da shi yana ƙifta mata ido.

Ya ce kada ta taɓa komi, amma ai ya ce in ta gama ta gama. Ta kama maus, hannunta da ya ƙone na zogi, ta kai kan ɗan hoton kusurwa. Ta daɗe ba ta danna ba. In shiru ta ji fa? Ta ce bismillahi.

Shuuu. Ƙarar kaza can nesa. Sai tari.

“Takwarata ta bakin tasha,
kakarki ta zo daga Zurmi,
da gero ƙulle a zane,
ba ta zo jin kuka ba.”

Ummi ta saki nono ta juyo tana neman mai waƙar. Ga dariyar Inna, irin wadda take yi har ta sarƙe. Sannan muryar ta ɗaga, “Ke Saratu! Ruwan nan hucewa za ya yi. Sai na taso na ja ki?”

“Ga ni nan, Inna,” in ji Saratu, hawaye na zuba tana dariya. “Ga ni nan.”

Ba ta tsaya ba. Ta hau turmi ta roƙi Gwadabe ya bar inji yadda yake. Ta ɗauko rikodarsu mai batir, ta laluba akwatin mijin, ta samo kaset uku na koyon Turanci da yake ji da su. Ta liƙe ramukansu da salatif don su karɓi sabon ɗauka, yadda ta ga yana yi, ta kanga rikoda bakin sifika, ta danna ja. Sau uku Inna ta yi waƙa, sau uku ta yi faɗa.

Ana kiran la'asar sai ga Na'Allah ya faɗo gida ba ko sallama, babbar riga a kafaɗa, fuska kamar wanda ya ga mutuwa.

“Saratu! Inji! Ina zaune masallacin Shinkahi lasifika ta yi ƙara, sai na tuna. Ban san abin da na ce wurin ɗaurin auren ba, ko na karɓa ko na bayar. An kashe?”

Ya tsaya turus. Ga waya ta ratsa tsakar gida bisa kujera, ga turmi a kife, ga kaji sun taru kan shinkafa, ga matarsa toka har gira.

“An kashe,” ta ce. “An kuma tayar. Malam Tsoho ya ce a gaya maka injinka ya yi Juma'a gindin tsamiya, kuma amaryarsa ba ta iya hura ba.”

Ya ruga shago, ya duba, ya danna nan ya danna can, ya sauke ajiyar zuciya har sai da ya dafa bango. “Sabon ma'aji ya zauna. Wallahi ya zauna! Yanzu sai in yi musu faifan.”

“Yi abinka a hankali.” Ta danna rikoda, muryar Inna ta cika tsakar gida, da shuu ɗinta da shaa ɗinta.

Ya ɗauki kaset guda ya juya shi. “Wanga ba darasina na ɗaya ba ne?”

“Shi ne. Na biyu na Hamida ne, na ɗaya na Yaya Sha'aibu, gobe ka ba direban Zurmi. Aikin ƙauye ne, ka yi haƙuri da shi.”

“Na ukun fa?”

Na uku tuni ta naɗe shi cikin tsohon gyalen Inna, wanda take rufe fuska da shi, ta sa ƙasan akwatinta ta kulle. Ta gyara goyon Ummi, ta miƙa masa tukunyar da ba komi ciki.

“Abincin rana kuwa, ka tambayi kaji.”